Tambayi Likita: Zaman aure da neman aure bayan jinyar kansar mama

Tambaya: Likita, shekarata 49. An cire mini maman hagu bara, yanzu ina shan letrozole. Tun daga nan kwanciya da maigida ta koma azaba, gabana ya bushe, sha'awa kuma ta gudu. Wata aminiyata ta kawo mini kayan matsi. In yi amfani da su?

Amsa: Hajiya, ki ajiye su. Yawancin kansar mama da sinadarin estrogen take girma, aikin letrozole kuwa shi ne ya rage shi sosai a jiki. To wannan sinadarin ne kuma ke sa fatar cikin farji ta yi kauri da danshi. Da ya ragu sai fatar ta yi siriri, ta riƙa tsagewa. Kayan matsi da yawansu tsotse ruwa suke yi, za su ƙara miki ciwo ne kawai, ga shi babu mai iya gaya miki abin da aka haɗa a ciki.

Ki nemi man santsi na ruwa a kantin magani, irin su K-Y Jelly, ki shafa sosai kafin saduwa, kada ki yi masa rowa. Akwai kuma man da ke riƙe danshi wanda ake sawa sau biyu ko uku a mako, ko da ba za a sadu ba. Ku tsawaita wasa, kuma ki zaɓi kwanciyar da ke ce mai iko da zurfin shiga. Idan duk wannan bai wadatar ba, akwai estrogen ɗan kaɗan da ake sawa a farji, amma likitan kansarki ne zai yanke wannan. Abin da nake tsoro shi ne ki daina shan maganin a ɓoye don a samu zaman lafiya a ɗaki. Mata da yawa suna yi, kuma maganin nan aƙalla shekara 5 ake shan sa don hana ciwon dawowa. In kin ga jini bayan saduwa, ki je a duba ki.

Tambaya: Likita, matata tana karɓar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, za a kuma yi mata gashi da na'ura. Zan iya ɗaukar ciwon? Sannan tun da aka yi mata aiki ba ta yarda in ga ƙirjinta.

Amsa: Malam, ba a ɗaukar kansa, ko ta saduwa ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Gashin na'ura ma ba ya zama a jikinta. Sai dai ragowar maganin kemo yakan fito a ruwan jiki, don haka ka sa kwaroron roba na 'yan kwanaki bayan kowane zagaye, kuma kada ta ɗauki ciki a wannan lokacin.

Batun ƙirji kuwa, kada ka matsa mata. Wurin ɗinkin yakan mutu ko ya yi tsami saboda jijiyoyin da aka yanke, sai ka tambaye ta inda take son a taɓa. In ta fi sakewa da riga ko a duhu, ka bar ta. Ka saya mata maman roba da ake sawa cikin rigar mama, yana daidaita tsayuwar kaya. Kuma don Allah, in 'yan uwa sun fara maka zancen ƙarin aure tana tsakiyar jinya, kada ya iso kunnenta daga bakinka.

Tambaya: Likita, shekarata 32, aurena ya mutu ina cikin jinya. Yanzu wani ya fito. Yaushe zan gaya masa? Zan iya haihuwa ina shan tamoxifen?

Amsa: Ƙanwata, ba a zuwan farko ba, amma kafin manya su shigo maganar. Gara ya ji daga bakinki da ya ji a unguwa, ko ya gani daren farko. Ki faɗa masa kai tsaye: an yi aiki, an gama kemo, ana bibiya. Idan da gaske yake, ku zo asibiti tare ya yi tambayoyinsa.

Tamoxifen, maganin da ke tare aikin estrogen don hana ciwon dawowa, yana iya cutar da ɗan tayi, kuma ba ya hana ɗaukar ciki. Ki guji ƙwayoyi da allurar tsarin iyali masu sinadari, ki yi amfani da robar mahaifa mai jan ƙarfe. Wani bincike mai suna POSITIVE da aka wallafa a 2023 ya bi mata sama da 500 da suka dakatar da maganin bayan sun sha wata 18 zuwa 30, har tsawon shekara 2, don neman haihuwa. Da yawansu sun haihu, kuma haɗarin dawowar ciwon bai ƙaru ba a 'yan shekarun da aka bibiye su. Likitanki ne zai tsara lokacin dakatarwar. Mama ɗaya kuma yana iya shayar da jariri ya ƙoshi.

Tambaya: Gashina zai dawo kuwa?

Amsa: Zai dawo. Yakan fara tsirowa makonni kaɗan bayan kemo na ƙarshe, wani lokacin da laushi ko launi daban. Ki jinkirta man shamfo mai miƙar da gashi da kitso mai ja har sai ya yi ƙwari.