Tambayoyinku: Wane hoto zan rataya a birona na gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Sabon Gari ne nan Damagaram, lissafi nike riƙe ma ƴan kasuwa, kuma shekara biyu kenan ina ɗan sayen hannun jari a BRVM, kasuwar hannun jarin nan ta Afirka ta Yamma. Na gyara ɗakin zaure na maida shi biro, tabur da ordinata duk sun shiga amma bango fayau ba komi. Na ga hoton bijimin nan na Amurka a intanet ya burge ni, sai Hajiyarmu ta ce hoton dabba ba ya shiga ɗakin da ake salla. Jika ashirin gare ni, me zan sa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a biro. Maganar Hajiya fa kar ka ja da ita, malamai da yawa a kan haka suke game da hoton mai rai, kuma kai ma ka san azahar da la'asar nan ciki za su riƙa iske ka. To wannan ya kashe bakin zance.

Ko ba don haka ba ma ni ba zan ba ka shawarar bijimin ba. Gunkin tagulla ne da wani ɗan Italiya Arturo Di Modica ya ƙera ya aje a New York a Disamba 1989, nauyinshi ya fi tan 3, kuma a wajen masu wannan harka bijimi alamar tashin kasuwa ce. Tashi kawai, ba faɗuwa. Mutumin da ya sa kuɗin guminshi a jari bai kamata ya wuni yana kallon abin da ke ce mashi gobe sai riba ba, haka ake rufe ido a zuba kuɗin cefane da na makarantar yara.

Abin da nike so ka buga shi ne dogon zanen farashi, wanda ya ɗauko shekaru masu yawa da hawa da gangara duk a ciki. Na Dow Jones, ma'aunin farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, in ka samu mai farawa kafin 1929 za ka ga ramin da ya zurma, daga maki 381 ya dawo 41 a 1932, ga na 2008 ga na watan Maris 2020 lokacin korona, sannan ka ga yadda ya riƙa murmurewa. Amma tunda a BRVM kuɗinka suke ai ita ta fi cancanta da tsakiyar bango, tamu ce, a Abijan take tun 1998 tana ma ƙasashe 8 na UEMOA masu kuɗin sefa aiki har da Nijar. In launi kake so a yi maka irin zanen kyandir ɗin nan kore da ja, asalinshi daga ƴan kasuwar shinkafa na Japan ne, ba rai a ciki kuma Hajiya ba za ta ce komi ba.

Akwai wanda na gani a biron wani dattijo mai sayen hatsi, har yau yana raina. Farashin tiyar gero ya sa mai fenti ya zana mashi wata wata, ka ga layin ya kwanta da kaka sai ya fara hawa da bazara har ya kai ƙololuwa tsakiyar damina. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya gabanshi an yi hira. Ka shiga Kasuwar Dole ka tambayi masu awo, kai ma ka yi naka ƙarami ka sa gefe.

Sai maganar ƙura, ka san hunturun garin nan. Kar ka ɗauki na yadi, hazo ɗaya zai shige cikin zaren ya dafe. Takarda mai kauri, kafinta ya yi maka katako a sa gilas, tsumma kawai ka goge. Kar ka rataya shi inda rana ke dukanshi ta taga don ja shi ke fara koɗewa, kuma in ya fuskanci taga gilas ɗin zai riƙa walƙiya a idonka. In bangon na ƙasa ne da shafen siminti ƙusa guda ba ta riƙewa, a kafa guntun katako tukuna sannan a rataya. Jika ashirin ɗinka ka fara da babba guda, tsayin ido in kana zaune, na geron ya biyo baya in kaka ta yi.