Walda ba wuta, ba sanda

Ka ce ka ji ana haɗa ƙarfe biyu ba tare da wuta ko sandar walda ba, kana so ka san ko gaskiya ne. Gaskiya ne, yaro. Waldar sanyi ke nan.

Duk ƙarfen da ke shagon nan sanye yake da riga: siririyar tsatsa da iska ta yi masa, ga maiƙo, ga gumin hannunka. Ko alminiyam da kake gani fes yana da tasa, ido ne ba ya ganinta. Wannan rigar ce kaɗai ke raba ƙarfe da ɗan'uwansa. In ka kankare ta, ka matsa fuskokin biyu da ƙarfi har ƙwayoyin zarrarsu suka taɓa juna, sai su zama abu guda. Tun 1724 wani masani a Ingila, Desaguliers, ya nuna haka: ya haɗa dunƙulen dalma biyu, ya matsa ya murɗa, suka kama juna.

Amma waldar sanyi ƙarfe mai laushi take so: dalma, jan ƙarfe, alminiyam, zinariya, azurfa. Ƙarfe mai tauri irin na sifirin mota ba ya yarda. Wayar lantarki kuwa ƙarfe mai laushi ce, shi ya sa masana'antunta ke ƙaunar waldar sanyi. Bakin waya biyu za a sa a inji, a matsa sau da yawa har dattin ya fito gefe, a datse. Da ita ake haɗa jan ƙarfe da alminiyam, waɗanda in ka narka su tare mahaɗin gautsi yake yi. Aikin duk yana wajen tsabta: ka fara wanke maiƙo, sannan buroshin waya, kada ka juya tsarin, kuma kada yatsanka ya sake taɓa wurin.

A sararin samaniya kuwa, inda babu iskar da za ta mayar wa ƙarfe rigarsa, matsala ce: ƙarfe na iya kama ɗan'uwansa ba a so ba. A 1991 babbar eriyar kumbon Galileo na Amurka ta ƙi buɗewa a hanyar duniyar Mushtari (Jupiter). Injiniyoyi suka ce man da aka shafa ne ya goge, sanduna 3 cikin 18 da ke buɗe eriyar kamar lema suka maƙale.

Kai ma za ka gamu da ita a nan. Noti na ƙarfen da ba ya tsatsa, in ka ɗaure shi da gaggawa a bushe, zai cije, sai dai a yanke. Ka shafa masa giris, ka ɗaure a hankali, in ka ji ya fara tauri tun bai kai ba ka tsaya.