Kawu, Noto ba jiha ba ce, amma kowa ya san iyakarta

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da 'yan uwa baki ɗaya. Mu ma nan sai godiyar Allah.

Saƙonku ya iso, kuma tambayoyin da ke cikinsa sun fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Kun ce tun ranar da rediyo ya ba da labarin girgizar ƙasar Noto, 1 ga Janairun 2024, kuke laluben sunan a jerin jihohin Japan ba ku gan shi ba, alhali adireshina Ishikawa ne, wani lokacin kuma ku ji ina cewa muna Kaga. Kun kuma tambaya wane ne hakiminmu, da ko Hausawan nan suna da sarki irin na zangon Kumasi.

Jihohin Japan 47 ne. Tamu ita ce Ishikawa, babban birninta Kanazawa, inda muke zaune. Noto da Kaga kuwa tsofaffin larduna ne da aka shata tun sama da shekara 1200, kuma yau ba su da gwamna, ba su da ofis, ba a ware musu ko sisi a kasafi. Akwai garin da ke amsa sunan Kaga, akwai ƙaramar hukumar da ke amsa sunan Noto, amma aron suna suka yi, ko kusa ba su kai faɗin lardunan ba. Duk da haka, kullum da daddare mai hasashen yanayi a talabijin gida biyu yake raba jihar: ga abin da za a yi a Kaga, ga na Noto. Kudancin jiha, mai kwarin shinkafa da birane, shi ne Kaga. Zirin ƙasar da ya kutsa teku ta arewa, mai tsaunuka da ƙauyukan masunta, shi ne Noto.

Tun da a ƙaramar hukuma kuka yi aiki har kuka huta, na san yadda mulkin ya gudana shi za ku fi son ji.

A ƙarni na bakwai fadar Sarkin Japan ta ɗauko tsarin mulki daga ƙasar Sin, aka tattara shi a dokar Taiho ta shekarar 701. A bisa wannan doka, ƙasa ta Sarki ce, mutane ma nasa ne. Aka yanka ƙasar larduna, kowane lardi gundumomi, kowace gunduma ƙauyuka na gida hamsin-hamsin. Gwamnan lardi daga fada ake turo shi da muƙarrabansa, wa'adinsa shekara shida, daga baya aka mayar huɗu, don kada ya yi saiwa a wurin. Mai gunduma kuwa ɗan ƙasa ne, daga tsohon gidan sarautar yankin, kuma yana kan kujera har mutuwa. Da gangan aka yi haka. Baƙo yana riƙe da hatimi, ɗan gida ya san wanda ya haihu da wanda ya gudu da gonar da ta yi albarka, kuma ba wanda zai iya tara haraji sai da ɗaya.

Aikin lardi dai ƙidaya ce da haraji. Duk shekara shida ake sabunta rajistar mutane. Duk wanda ya kai shekara shida a yanka masa gonar shinkafa, mace ta sami kashi biyu cikin uku na rabon namiji, in mutum ya mutu gonar ta koma hannun hukuma. Harajin shinkafa kansa ba shi da nauyi, wajen kashi 3 cikin ɗari ne, kuma a rumbunan lardi ake ajiye shi. Abin da ya karya bayan talaka shi ne sauran. Yadi da kayan da kowace ƙasa ta shahara da su, manoma ne za su ɗauka a ƙafa har fada a Nara, da guzurinsu. Gwamna yana da ikon sa namiji aikin dole har kwana 60 a shekara. Sai kuma bashin iri: a ba ka shinkafa kafin shuka, ka biya da kaka da ƙarin rabinta, daga baya aka rage zuwa kashi 30 cikin ɗari. Da tafiya ta yi tafiya, ko kana so ko ba ka so sai ka karɓa, domin da wannan ribar ake tafiyar da lardi. Riba ce tsagwaronta Kawu, kuma ita ta kori mutane da yawa daga gonakinsu. A kufan Nara an tono ƙananan allunan katako da ake ɗaura wa kayan haraji, da sunan lardi da gunduma a rubuce, har da na Noto a kan busassun kayan teku.

Larduna a jikin hanya aka jera su. Manyan hanyoyi bakwai suka fita daga fada, da tashoshin dawaki don manzanni. Tamu ita ce Hokuriku, mai bin gaɓar teku, kuma har gobe da wannan suna ake kiran yankin nan, har jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ke zuwa Tokyo. A 741 Sarki Shomu ya ba da umarni a gina wa kowane lardi ɗakin bautar addinin Buda. Hedikwatar Noto tana wajen Nanao ta yau, ta Kaga tana wajen Komatsu.

Noto daga lardin Echizen aka cire ta a 718, aka haɗe ta da Etchu a 741, aka sake tsayar da ita a 757. Amma labarin Kaga ya fi tsaya mini a rai. Gwamnan Echizen ne da kansa, Ki no Suenari, ya rubuta wa fada cewa arewacin lardinsa ya yi nisa da hedikwata, ga manyan koguna a tsakani, masu gundumomi da dagatai suna cin karensu ba babbaka, talaka kuma ba shi da inda zai kai kuka. A 823 aka yanke gundumomi biyu aka yi lardin Kaga, aka ba shi riƙonsa. Shi ne auta a lardunan wancan tsari, waɗanda suka tsaya a 68 in an haɗa da tsibiran Iki da Tsushima, kuma adadin ya zauna haka fiye da shekara dubu. Mutumin da zai nemi a rage masa ƙasa don mai ƙara ya sami kusanci da alƙali, ni dai ina ganin girmansa.

Tsarin bai daɗe da ƙarfinsa ba. Manyan fada da gidajen bauta suka mallaki gandaye waɗanda mai haraji ba ya shiga. Gwamnoni da yawa suka daina zuwa lardunansu, suna zaune a Kyoto, inda fada ta koma, suna tura wakili ya taro musu. Wannan kun san shi, domin haka hakiman Kano suke zaune a birni suna aika jakadu ƙauyuka kafin Turawa su ce kowa ya koma gundumarsa. Daga 1185 shugaban mayaƙa Minamoto no Yoritomo ya fara naɗa wa larduna kwamandan soja, ana ce masa shugo, sai lardi ya zama da shugaba biyu, mai alƙalami da mai takobi. Mai takobin ne ya yi rinjaye.

A Kaga ma takobin bai tsira ba. A 1488 manoma da ƙananan mayaƙa mabiya wata ɗariƙar Buda suka yi wa Togashi Masachika, shugon Kaga, ƙawanya har ya mutu, suka riƙe lardin da kansu kusan shekara ɗari, sai a 1580 rundunar babban mayaƙi Oda Nobunaga ta murƙushe su. Inda ɗakin bautarsu yake, nan aka gina ganuwar Kanazawa. Maeda Toshiie ya shige ta a 1583, kuma gidansa ya haɗa Kaga da Noto da Etchu a hannu ɗaya. A lokacin da shinkafa ake auna girman mai ƙasa, da wani awo mai suna koku, wajen lita 180, abincin mutum ɗaya na shekara. Gidan Maeda ya haura koku miliyan, ba mai ƙasar da ya kai shi in ban da shogun, shugaban mulkin soja na ƙasar baki ɗaya. Duk watan Yuni ana bikin tunawa da shigowar Toshiie, a rufe manyan titunan gari.

A nan ne ake rikicewa. A zamanin Edo, wato lokacin da shogun ke zaune a Tokyo ta yau, mulki na hannun masu ƙasa sama da 260, kuma iyakokinsu ba su bi na larduna ba. Wani ya haɗa uku, wani lardin kuma an yi masa gunduwa-gunduwa. Sarautar gwamnan lardi ta koma ta ado, a kira mutum gwamnan ƙasar da bai taɓa takawa ba. Amma in hukuma za ta zana taswira ko ta ƙidaya amfanin gona, lardi-lardi take bi. Ita kuwa Noto, gidan Maeda gishiri ya mayar da ita: a ba masu dafa ruwan teku shinkafa tun gaba, su biya da gishiri, kuma ba su da ikon sayar wa kowa sai hukuma. Dukiyar a Kanazawa take sauka. Duk wanda ya ga Kenrokuen, shahararren lambun gidan Maeda a Kanazawa, ya kamata ya tuna da wannan.

A 1871 gwamnatin Sarki Meiji ta soke ƙasashen nan, ta kira masu su Tokyo, ta kafa jihohi sama da 300, kafin shekara ta ƙare ta rage su zuwa 75, zuwa 1888 suka koma yadda suke yau. Ishikawa ta taɓa haɗiye maƙwabtanta, sai Fukui ta fita a 1881, Toyama a 1883. Larduna kuwa ba wata doka da ta soke su. An dai kwashe musu aiki, aka bar su da suna.

To batun hakimi. Ba mu da shi Kawu. Sarkin Japan ba ya naɗa gwamna, tun 1947 zaɓensa ake yi, haka ma magajin gari. Tsofaffin gundumomi sun rage a adireshin wasu garuruwa, amma ofisoshinsu an rufe tun 1926. Mutum da ofishin magajin gari yake hulɗa. In ka tare a sabon gida, cikin kwana 14 za ka je da katin zamanka a rubuta adireshi, daga nan inshorar lafiya da makarantar yara da haraji duk su biyo ka. Ƙasa da wannan sai ƙungiyar unguwa, wadda ba ta gwamnati ba ce amma ita ta fi shafar rayuwarmu. Shugabancinta karɓa-karɓa ne, ba gado. Ita ke tsara tsaftar wurin ajiye shara, da kwasar dusar ƙanƙara, da allon sanarwa da ke yawo gida-gida, ka karanta ka sa hatimi ka miƙa wa maƙwabci.

Hausawa a nan ba mu kai mu yi zango ba, balle sarki. A warwatse muke, wasu karatu ya kawo su, wasu sana'ar motoci da kayan gyara, ƙasar kuma ba ta ba baƙo fili ya kafa unguwarsa. Masallacin Kanazawa ne mahaɗarmu, tare da 'yan Indonesiya da Malesiya da Bangaladesh da sauransu. In saɓani ya tashi tsakanin namu, wanda ya fi daɗewa ake kira ya sasanta, ba tare da rawani ba. Abin da muke gaya wa sabon zuwa shi ne ya shiga ƙungiyar unguwa, ya biya kuɗinta, ya riga kowa fita ranar shara. In an zo da karon kuɗin ɗakin bautar unguwa, mu yi bayani cikin ladabi cewa addininmu bai yarda ba, mu ƙara a wani fannin. Yawanci suna fahimta, musamman ga wanda suka ga ba ya gudun aikin gayya.

Muna kuma ce masa ya koyi sunayen lardunan nan, don da su mutane suke sanin junansu. Tsoho ba zai ce maka shi ɗan Ishikawa ne ba sai in yana Tokyo. A gida cewa zai yi shi mutumin Noto ne, kuma yana nufin wani abu da hakan: haƙuri, juriya, ƙarancin magana. Suna da karin maganar da ke cewa Noto kirki gare ta har ƙasarta. Mutanen Kaga kuma da ƙwarewar hannu da tsari suke tinƙaho, rinin alharini, shayin gasasshen kara, kayan lambu da ke ɗauke da sunan lardin. Ranar da ka tambayi maƙwabci ko iyayensa 'yan Noto ne, ka ambaci garinsu daidai, hirarku ta canza ke nan.

Girgizar ƙasar ta nuna cewa layin nan ba na taswira kaɗai ba ne. Ƙarfinta ya kai maki 7.6. A Noto, kasuwar safe ta garin Wajima ta ƙone, teku ta afka wa garin Suzu, wasu wurare gaɓa ta ɗago kusan mita huɗu har tashoshin masunta suka koma tudu. Mu a Kanazawa mun ji ta sosai, amma bayan 'yan kwanaki kasuwa na ci. Can kuwa hanyoyin shiga 'yan kaɗan ne kuma sun tsattsage, ƙauyuka suka yanke, ruwan famfo ya yi watanni bai dawo ba, ga shi fiye da rabin mutanen Suzu sun haura shekara 65. Satumbar shekarar kuma ambaliya ta sake faɗa musu. Kukan nisa da Ki no Suenari ya kai fada a kan Kaga, yau Noto ke yin sa. A masallaci mun tara ruwa da barguna da abinci, ga kuma samarin Indonesiya masu aiki a jiragen kamun kifi na can da abin ya rutsa da su. Matasan Noto da yawa da suka sauko Kanazawa ba su koma ba, kuma wannan ya fi rushewar gini damun dattawansu. Ku sa su a addu'a.

Yaranmu a makarantar firamare suke haddace jihohi 47 da manyan biranensu, lardunan kuwa a bakin ƙawaye da sunayen tashoshin jirgi suke tsinta. In za ku aiko da takarda, Ishikawa da Kanazawa za ku rubuta, kada a sa Kaga, don sai a nufi wancan garin da ita.

A gaida Inna da su Baba ƙarami da duk mutanen gida. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ɗanku, daga Kanazawa.