Tun da maigida ya kwanta ciwo na kasa karanta Littafi Mai Tsarki: Allah yana kula da mu kuwa?

Tambaya: Salama a gare ku. Wata tara ke nan mijina yana kwance, aikinsa ya tsaya, bashi ya yi mana katutu, ga yara uku. Da can ba na fashin karatun Littafi Mai Tsarki, yanzu kuwa in na buɗe sai in ga baƙaƙe kawai, ba abin da ke shiga zuciyata. 'Yan'uwa suna ta turo mini Irmiya 29:11, cewa Allah yana da shirin alheri domina, amma kullum abin sai ƙara tsananta yake yi. Wata ma ta ce in bincika kaina, wataƙila akwai zunubin da muka ɓoye. Shin Allah yana kula da mu har yanzu? Me zan karanta, kuma ta yaya? (Daga wata 'yar'uwa)

Amsa: Sannu 'yar'uwa, sannu da jinya. Ubangiji ya ɗaga maigida, ya ƙarfafa ki.

Bari mu fara kawar da maganar zunubin nan, domin ita ce ta fi yi miki nauyi. An taɓa kawo wa Yesu irin wannan tambaya a Yohanna sura 9, game da mutumin da aka haifa makaho: shi ya yi zunubi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. A Luka 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi ta nanata masa abin da aka faɗa miki, kuma a Ayuba 42:7 Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Gaskiya ne akwai wahalar da mutum ke jawo wa kansa. In kin san wani takamaiman laifi, ki furta shi, 1 Yohanna 1:9 ta yi alkawarin gafara, magana ta ƙare. Amma ki zauna kina tonon zuciyarki dare da rana kina neman laifin da ba ki sani ba don kawai miji ba shi da lafiya, wannan ba koyarwar Yesu ba ce, kuma zai cinye ɗan ƙarfin da ya rage miki.

Sai ayar da ake turo miki. Masu turowa da zuciya ɗaya suke yi, ayar kuma gaskiya ce, sai dai an yanke ta daga jikinta. Ki koma ki karanta Irmiya sura 28 da 29 gaba ɗaya. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe sarkin Yahuda da manyan gari da masu sana'a ya kai su Babila. Wani annabi mai suna Hananiya ya tashi ya ce kafin shekara biyu komai zai dawo. Irmiya kuwa ya rubuta wa mutanen wasiƙa ya ce su gina gidaje, su shuka lambuna su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su yi wa birnin da ya kama su addu'a, domin zaman na shekara 70 ne. Wannan ita ce aya ta 10, sai ta 11 ta biyo baya. Ke nan mutanen da aka fara faɗa wa "shirin alheri" an riga an gaya musu cewa zaman zai yi tsawo, da yawansu ma a can za su tsufa. In an karanta ayar a matsayin alkawarin cewa wata mai zuwa komai zai warware, Hananiya aka bi, kuma in watan ya wuce sai mutum ya ga kamar Allah ya saɓa alkawari. In an karanta ta yadda Irmiya ya rubuta, tana cewa Allah bai saki igiyar rayuwarki ba ko da zaman ya daɗe, kuma akwai rayuwar da za a yi a cikin zaman: a ci abinci, a kai yara makaranta, a ba mara lafiya magani.

To, yaya kulawar Allah take a cikin Littafi Mai Tsarki? Ki duba 1 Sarakuna 19 a tsanake. Annabi Iliya ya gudu daga sarauniya Yezebel, ya shiga jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Abin da Allah ya fara yi masa shi ne ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi, ya ga gurasa da aka gasa a kan duwatsu masu zafi da tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya sake kwanciya. Aka sake ta da shi a karo na biyu aka ce ya ci, tafiyar ta fi ƙarfinsa. Ba a yi masa wa'azi ba sai bayan kwana 40, a dutsen Horeb, kuma a can ma abin da aka ba shi aiki ne, da abokin aiki wato Elisha, da labarin cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin Ba'al ba. Barci, abinci, aboki. A Fitowa 16 kuwa an auna wa kowane mutum omer ɗaya, wajen lita biyu, na manna a rana, wato abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, wanda ya ajiye na gobe sai ya tarar ya yi tsutsa yana wari. Bulus ma, da ya isa Makidoniya a gajiye, ya ce Allah ya ta'azantar da shi ta wurin zuwan Titus (2 Korintiyawa 7:6). Sau da yawa kulawar tana zuwa ne a ma'aunin yini guda, ta hannun mutum, shi ya sa mai jiran babbar mu'ujiza yakan wuce ta bai gane ba.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye miki ba. Littafi Mai Tsarki bai yi wa kowa alkawarin warkewa a wannan duniya ba. A Ayyukan Manzanni sura 12, sarki Hirudus ya kashe manzo Yakubu da takobi, a surar nan kuma mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi. Ki ci gaba da roƙon lafiyar maigida, ki roƙa da ƙarfi, an umarce mu da haka. Amma kada ki auna ƙaunar Allah da sakamakon gwajin asibiti. In wani ya ce miki Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, ki sani 1 Korintiyawa 10:13 tana magana ne a kan jarrabar faɗawa zunubi. Bulus da kansa ya rubuta a 2 Korintiyawa 1:8 cewa wahalar da ta same su a Asiya ta fi ƙarfinsu, har suka fid da rai. Jin cewa kaya ya fi ƙarfinki ba rashin bangaskiya ba ne.

Yanzu ga karatun. Mai jinyar wata tara ba ta samun isasshen barci, hankalinta rabi yana kan magani rabi yana kan bashi. Irin wannan kai ba ya riƙe dogon karatu, ko na wasiƙa ne. Don haka ganin baƙaƙe da kike yi alamar gajiya ce, kuma maganinsa a rage yawa, a canza wuri.

In kina bin tsarin sauke Littafin a shekara guda, ki ajiye shi tukuna. Surori 1,189 ne, sai an karanta uku ko huɗu kullum, kuma in kin yi fashin mako sai bashin karatu ya hau kan bashin kuɗi. Ki ɗauki aya shida zuwa goma kawai, minti goma a rana. Ki ɗaura lokacin a kan abin da ba kya fashinsa, misali bayan kin ba maigida maganin safe. Ki karanta da murya, sau biyu, a hankali, domin kunne yakan kama abin da ido ya wuce. In idon ya ƙi, ki sa ɗaya daga cikin yaran ya karanta miki, ko ki saurara a waya. Bayan karo na biyu ki tsayar da jimla ɗaya, ki mayar wa Allah da ita a matsayin addu'a, ki rufe.

Ki fara da Zabura 13, aya shida ce. Aya ta 1 da ta 2 kuka ne tsagwaronsa: sau huɗu Dawuda yana tambayar Allah har yaushe. Ta 3 da ta 4 roƙo ne takamaimai. Ta 5 da ta 6 dogara ce ga ƙaunar Allah. Wannan tsari shi ne ƙashin bayan zaburorin kuka, kuma suna da yawa ƙwarai a cikin 150 ɗin nan. Ki yi addu'arki a kan tsarin: ki faɗi abin da ke ciwo da sunansa, wata tara, bashin nawa ne, tsoron me kike ji, sannan ki roƙi abu ɗaya, sannan ki ambaci abu ɗaya da kika sani game da halin Allah. Inda aka fi kuskure shi ne tsallake kashi na farko, wai don kada a yi wa Allah rashin ladabi, sai addu'ar ta zama gaisuwar baki, zuciya na can tana tafasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Yesu a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kuka, yana tambayar dalilin da aka yashe shi. In ranar ta yi duhu har kashi na uku ya ƙi fitowa, akwai Zabura 88, wadda ta ƙare a cikin duhu ba tare da yabo ba, kuma an bar ta a cikin Littafin domin irin wannan rana.

A sauran kwanakin makon farko ki bi Zabura 6, 42, 77, 130, 121 da 23, dogayen ki raba su biyu. Mako na biyu ki koma Markus 4:35 zuwa ƙarshen sura 5. A nan almajirai a cikin hadari suka yi wa Yesu tambayarki daidai, ko bai damu ba su hallaka. A nan kuma akwai macen da ta yi shekara 12 tana zubar jini, ta ƙarar da dukiyarta wurin masu magani ciwon sai gaba yake yi, da Yayirus da aka tsayar a hanya alhali 'yarsa tana bakin mutuwa. Mako na uku Romawa 8:18 zuwa 39, kaɗan kaɗan. Kowa ya san aya ta 28, amma ki tsaya a ta 26, inda aka ce in ba mu san yadda za mu yi addu'a ba Ruhu yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Sai Makoki 3:1 zuwa 33. Ayoyin nan na jinƙan da ke sabuntuwa kowace safiya, 22 da 23, an rubuta su ne bayan an rushe Urushalima, kuma aya ashirin na ɗaci ne suka riga su.

Abu biyu ki guje su. Na farko, buɗe Littafin ido rufe a ɗora yatsa a ce ga saƙon yau. Yatsan zai iya sauka a kan la'anonin Maimaitawar Shari'a 28, ko a kan maganar Elifaz, wadda tana cikin Littafin amma Allah ya ƙi ta, sai ki kwana da firgita. Shaiɗan ma ya ɗauko Zabura 91 ya karanta wa Yesu a Matiyu 4:6. Kowace aya aka turo miki, ki karanta biyar na gabanta da biyar na bayanta, ki tambayi wa ke magana, da wa, a wane hali. Na biyu, mai da karatu ciniki, wato in na yi azumi kaza na karanta sura kaza dole ya tashi. Wannan yakan kai wasu ga barin magani don nuna bangaskiya, abin da ke da hatsari sosai. Bulus da ya warkar da mutane shi ne ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa (1 Timoti 5:23). Maigida ya ci gaba da shan maganinsa yadda likita ya tsara.

Ki haddace aya ɗaya a mako, kada ta wuce haka. Ki rubuta ta a 'yar takarda ki sa a cikin jakar magunguna, inda hannunki ke zuwa sau biyu ko uku a rana. Ishaya 43:2, Zabura 56:8, 1 Bitrus 5:7 da Ibraniyawa 13:5 za su kai ki wata guda. Amfaninta shi ne tsakar dare, lokacin da ba za ki iya kunna fitila ba.

Ki kuma je wurin fasto ko dattawan ikilisiya, Yakubu 5:14 ta ce mara lafiya ya kira su. Kada ki tsaya a "ku yi mana addu'a". Ki faɗi abin da ake bukata da adadinsa: wanda zai zauna da maigida awa uku ranar kaza don ki yi barci, wanda zai kai shi asibiti, kuɗin maganin wata. Mutane sukan so taimakawa amma ba su san ta inda za su kama ba. Tun a Ayyukan Manzanni 6 ikilisiya ta ware mutum bakwai musamman don rabon abinci, ke nan wannan roƙo ba bara ba ne. In kuma kin yi mako biyu ko fiye ba barci, ba kya iya cin abinci, ko tunanin kashe kanki ya fara zuwa miki, ki gaya wa likita da wani amintacce a ranar, kada ki jira Lahadi.

Shi ma maigida ki karanta masa, in yana so. Mara lafiya ba ya jure dogon karatu ko dogon bayani, don haka Zabura 121 ta isa: aya takwas, minti ɗaya ko biyu, da dare bayan maganin ƙarshe. Ki maimaita ta kullum har mako guda kafin ki canza, in barci ya ɗauke shi a tsakiya ki ƙarasa a hankali.