Dokar Salik ce ta hana Jeanne gadon sarautar Faransa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A aikina na kammala digiri na rubuta cewa Dokar Salik ce ta hana Jeanne, 'yar Sarki Louis na 10, hawa gadon mahaifinta a 1316. Mai duba aikin ya ja jan biro a kai bai ce komai ba, ga shi saura mako biyu in miƙa. Ina kuskurena?

Amsa: Kwantar da hankalinka, gyaran bai kai shafi ɗaya ba. Amma malaminka ya yi daidai, kuma na gaji da cin karo da wannan magana, musamman a bakin masu bidiyon tarihi na intanet da ke kwafar juna ba tare da sun buɗe littafi ba.

A 1316 babu wanda ya ambaci Dokar Salik a rikicin gadon. Kundi ne na zamanin Clovis, sarkin mutanen Frank, farkon ƙarni na 6, kuma yawancinsa lissafin diyya ne da tarar satar aladu da shanu. Sashen da ya hana mace gado yana magana ne a kan ƙasar gida, ba kambin mulki ba.

Ga abin da ya faru. Tun 987 gidan Capet, wato zuriyar da ke sarautar Faransa, bai taɓa rasa ɗa namiji ba, don haka ba a taɓa bukatar ƙa'ida ba. Louis ya rasu a watan Yuni, ya bar Jeanne mai shekara huɗu da matarsa ta biyu mai ciki. Aka haifi namiji a Nuwamba, Jean, ya yi kwana biyar ya koma. Baffan yarinyar, Philippe, shi ne mai riƙon ƙwarya, kuma an riga an tuhumi uwarta da zina a 1314, sai asalinta ya zama abin raɗe-raɗi. Aka naɗa Philippe a Reims a Janairun 1317, ƙofofin gari a rufe, daga baya aka tara manya a Paris suka ce mace ba ta gadon sarautar Faransa. Kawunta Eudes na Burgundy ya ta da jijiyar wuya, sai aka ba shi 'yar sabon sarki ya aura, ya yi shiru. Ramin mugunta a gina shi gajere: Philippe ya rasu a 1322 ya bar 'ya'ya mata kawai, ƙanensa Charles ya ture su.

Ko a 1328, da Charles ya rasu bai bar ɗa namiji ba aka fifita Philippe na Valois a kan Edward na 3 na Ingila, wanda ya biyo ta wajen uwarsa Isabella, 'yar'uwar su Charles, hujjar ita ce mace ba ta miƙa abin da ba ta da shi. Sai a 1358 wani malamin gidan ibada na Saint-Denis, Richard Lescot, ya tono tsohon kundin, ana tsakiyar yaƙi da Ingila. An yi yanka tukuna, aka zo neman fatawa.

Ɓarnar wannan kuskure ita ce yana sa ɗalibi ya ɗauka matan Faransa ba su gaji sarauta ba kwata-kwata. To yaya za ka yi da Eleanor, da ta gaji mulkin yankin Aquitaine a 1137? Ko Mahaut, da ta karɓi mulkin yankin Artois a 1302 ta bar ɗan ɗan'uwanta Robert yana yawon ƙara, kotu na ba goggonsa gaskiya har sau biyu? Wannan Mahaut ɗin tana cikin manyan da suka tallafi kambi a kan Philippe, baffan Jeanne, ranar naɗinsa, don surukarsa ce.

Cire sunan dokar daga 1316, ka mayar da shi inda kake bayanin farfagandar zamanin yaƙi. Ka kuma ƙara cewa ita Jeanne ta zama sarauniyar Navarre a 1328.