An ci bashi da sunana, ni ake bi: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Gombe. Kwanakin baya wasu matasa suka zo unguwarmu, Jekadafari, suna rubuta masu neman tallafi. Na ba su lambar NIN da BVN da lambar maigidana, suka ɗauki hotona. Ba a jima ba layina ya mutu, da na je banki na tarar an kwashe kuɗina. Yanzu kuma wani kamfanin ba da rance ta waya yana kiran maigidana wai na ci bashi na gudu. Maigidan ya ce mu biya kawai a rufa asiri. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri. A gaya wa maigida cikin ladabi ya dakata, kada a biya ko sisi. Biyan wani ɓangare na bashin tamkar amsa cewa ke kika ci ne, kuma babu tabbacin wuri ɗaya kaɗai ɓarayin suka ciyo.

Fara da layin waya. Mutuwar da ya yi alama ce ta cewa wani ya je da bayananki ya karɓi sabon sim a kan lambarki, kuma duk lambar sirrin da banki ke turowa don tabbatar da ciniki a hannunsa take sauka. Muddin layin yana wurinsa, duk abin da kika gyara zai sake ɓata shi. Ki je ofishin kamfanin layin da kanki, ba wurin masu rajista a ƙarƙashin laima ba, da takardar NIN, a rufe nasa sim ɗin a dawo miki da layinki. Ki kuma nemi a duba duk layukan da aka haɗa da NIN ɗinki, domin tun haɗa layi da NIN da aka fara a ƙarshen 2020, layin da aka yi damfara da shi sunan mai NIN ɗin yake nunawa. In suka yi miki jan ƙafa, hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa tana karɓar koke a 622, kyauta.

Daga nan sai banki, kuma a nan mutanenmu suke yin sakaci. Mutum zai je ya yi wa ma'aikaci bayani da baki, a ce masa "za mu duba", ya dawo gida ya zauna jira. Ki rubuta koke, ki sa ranar da layin ya mutu da adadin kuɗin, ki yi kwafi biyu, a buga hatimin banki a kan naki, a ba ki lambar koke. Ki karɓi takardar shige da ficen asusun, wadda za ta nuna inda aka tura kuɗin, ki nemi bankinki ya tuntuɓi wancan bankin a tsayar da asusun. Gaskiya ita ce in an ɗau kwanaki da wuya kuɗin su dawo duka, don irin waɗannan mutane nan take suke cirewa a wurin masu POS. Duk da haka takardar za ta yi miki amfani a gaba. A canja kati da dukkan lambobin sirri. In mako biyu ya wuce banki bai warware ba, sai ki kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya.

Ki kai rahoto ofishin 'yan sanda ki karɓi takardar shaida, ki yi takardar rantsuwa a kotu cewa ba ke kika ci bashin ba. Hukumar EFCC ma tana da ofishin shiyya a nan Gombe. Yin sojan gona da bayanan wani laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015.

Da waɗannan takardu za ki fuskanci masu rancen. Ki aika musu kwafi, ki ce su nuna asusun da suka zuba kuɗin da ranar da suka zuba. In ba naki ba ne, ko kuma an zuba bayan layin ya bar hannunki, hujja ta koma wajenki. Kiran dangi da tozarta mutum ba ya cikin abin da aka yarje musu. Maigida ya adana saƙonnin da lokutan kira, a kai wa hukumar FCCPC mai sa ido a kansu. Hukumar NDPC kuma ita ke kula da dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Akwai abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa. Kamfanoni uku ne ke ajiye tarihin bashin 'yan Nijeriya: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar 2017 ta ba ki damar karɓar rahotonki kyauta sau ɗaya a shekara. Ki nema daga dukkansu, domin abin da ke wurin wannan ba lallai ya kasance wurin wancan ba. Duk bashin da ba ki sani ba ki ƙalubalance shi a rubuce. In aka bar shi, ranar da za ki nemi jarin ƙara kaya sai a ce sunanki na cikin masu taurin bashi.

Lambar BVN da NIN ba a canja su, su ne naki har abada, kuma yanzu suna hannun wasu. Saboda haka ki sa wa sim ɗinki lambar kullewa, ki tambayi bankinki lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ki rubuta ta a takarda ki ajiye a shago. Duk wanda ya kira ya ce zai dawo miki da kuɗinki in kin faɗi lambar da aka turo, ki kashe wayar. Sau da yawa su ɗin ne suka dawo. Sannan ki sanar da sauran matan unguwa da suka ba da sunayensu a ranar, su je su duba layukansu tun yau.