Shago na biyu, ga Baba kwance a Tibiri

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara 11 ke nan ina sayar da shinkafa, man girki da taliya a babbar kasuwar Maradi. Ubangidana mai shigo da kaya ya ce zai ba ni kayan miliyan 8 na sefa bashi in buɗe shago na biyu, in riƙa biya duk mako. Ribar da nake samu ta wadace ni, sai dai daga asuba nake fita, sai bayan isha'i nake shiga gida. Mahaifina na Tibiri ba lafiya, wata biyu ban leƙa shi ba. Abokaina na cewa wanda ya ƙi wannan ya ƙi arziki. In karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba Baba lafiya.

Inda idona ya tsaya a saƙonka shi ne wata biyun nan. Tibiri fa nan ce bayan gari, kabu-kabu ma zai kai ka ya dawo da kai kafin azahar. In mai shago ya kasa ɗaga ƙafa nan da Tibiri, to shagon ne ke riƙe da makullinsa. Yanzu kuma ana so a ƙara maka wani.

Ba ina yabon talauci ba ne. Ɗan dako da ke jiran mota a bakin sito shi ma ba shi da ikon yininsa, yunwa ce ke tsara masa shi. Amfanin kuɗi na farko shi ne su fitar da mutum daga wannan hali, ya iya rufe ƙofa ya tafi jana'iza ko suna ba tare da tukunyar gidansa ta huce ba. Kai da bakinka ka ce ka kai nan. Abin da za a ƙara maka daga yanzu, da sa'o'inka za ka saye shi.

Bashin da ake biya duk mako kuwa ya fi kowane ubangida tsanani. Ka tuna Agustan 2019, da Najeriya ta rufe iyaka har Disamban 2020, hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta mutu. Ka tuna bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya toshe hanyar Kwatano, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina, ga naira ta faɗi, masu sari daga Katsina suka ja baya. Wanda jarinsa nasa ne ya rage ciniki ya yi barcinsa. Mai kayan bashi fa? Ranar biya ba ta san an rufe iyaka ba. Kasuwar Maradi da iyaka take numfashi, kai ma ka sani.

Shawarata, ka fara gwada shagon da ke hannunka. Ka samu yaro amintacce, ka yanka masa albashi da ɗan kaso cikin riba, domin wanda ke da rabo ya fi tsare kaya. A buɗe littafi, kowane buhu da kowane jarka a rubuta shigarsa da fitarsa, ku ƙirga tare duk mako. Sannan ka ware rana ɗaya da ba za ka taka kasuwa ba, har wata uku. Za ka ga ɓarna a farko, wataƙila jika goma nan, jika biyar can. Ka ɗauke ta kuɗin makaranta. In shago ɗaya bai iya kwana ɗaya babu kai, taura biyu ba za ta taunu ba.

Ka kuma ajiye cefanen gida na wata uku a gefe, kada ya haɗu da jari.

In gwajin ya yi kyau, ka koma wurin ubangidanka cikin ladabi, ka nuna masa ba ƙi ka yi ba. Ka nemi miliyan 2 maimakon 8, biya wata-wata, a rubuce gaban shaidu, bayan ka cire haya, patanti (harajin sana'a) da albashin yaro ka ga abin da ya saura.

Juma'ar nan dai ka bar wa ƙanenka shago, ka yi sallah a Tibiri. Ka gaishe mini da Baba.